Amana a Cikin Karohi

Wurno, 4 ga Sha'aban, 1365

Da sunan Allah mai rahama. Daga wanka Maccido marini, zuwa ga ƙanena Isa, a asibitin soja na Kaduna.

Bayan gaisuwa mai yawa da hwatan alheri, ƙaƙa jiki? Ƙaƙa ƙahwar? Sale mai albasa ya ce ya iske ka kana takawa da sanda har bakin ƙohwa. Ya ce ka rame, amma bakin nan naka shina nan yadda munka san shi. Alhamdu lillahi. Inna ta sa na karanta mata takardarka sau ukku, na huɗun nic ce mata ta yi haƙuri kada takardar ta yage a hannuna. Shekara ukku tana jin ana cewa kana yaƙi a ƙasar Bama, ba ta san gabas take ko yamma ba. Yanzu da anka ce Kaduna, ta ɗauka bayan Ƙauran Namoda ne kaɗan, kullum sai ta tambaye ni don mi ba ka hawa jaki ka taho.

Gida lahiya lau. Ruwa ya sauka, gero ya hito da kyau, gonarka ta hanyar Dinawa ni nash shuka maka ita, kada ka zo ka ce an bar ta ga ciyawa. Marina kam sai a hankali, ka san damina ba ta barin zane shi bushe. Karohina guda ya mutu, na kwashe shi na sake haɗa sabon baba. Hauwa'u da yara suna nan ƙalau.

To, maganar gora. Na ji abin da kac ce, kuma bari in maimaita don ka san na gane. Gorar nan da ka aiko cikin akwatinka tun watan Safar, wadda kat toshe bakinta da kakin zuma, kac ce kada a buɗe kuma kada ruwa shi taɓa ta, ba taka ba ce. Ta wani Ba'indiye ce, Girdari, abokinka wanda yar rasu can wurin yaƙi. Ƙyalle ne a ciki wanda ubanai yaz zana da hannunai, irin wanda suke ratayawa a bango bayan abin bautarsu. Kahin shi cika ya damƙa maka shi ka mai da ma uwatai, jirgin ruwa kuwa ya kwaso ku ba ka samu zuwa garinsu ba. Yanzu ka samu wani mai kanti a Kano, mutumin ƙasarsu, za shi gida bayan ƙaramar salla, ya yarda shi kai mata. Kana son gorar ta iske ka kahin azumi shi ƙare.

Na ji. Amma ka san gulbi a wanga lokaci, ya hwara tasowa. Abin da kac ce kada ruwa shi taɓa, ba ni ba mutum shi ƙetare da shi cikin jirgin kwale-kwale ina zaune a gida. Sale ma ban ga alamar za shi koma Ƙaura wurin jirgin ƙasa kwanan ga ba. Ka ɗan yi haƙuri, akwai sauran lokaci.

Tambaya guda, don dai in sani. Ita tsohuwar, dole sai wanga ƙyalle da kainai? In ce can ƙasarsu masu irin wanga zane suna da yawa? Na ce ko da mai kantin zai samu wani mai kama da shi a hanya, ko kuwa mu haɗa mata da turkuɗi mai kyau na hannuna, wanda na tabbata ba ta taɓa ganin irinai ba. Ba don komi nit tambaya ba, zance ne yaz zo.

Ka ci abinci, ka bi maganar likita, kada ka yi musu gardamar da kas saba yi mani. Inna tana sa maka albarka. Allah shi ba ka lahiya, shi kawo ka gida da ƙahwarka.

Naka, wanka,
Maccido

Rabah, 24 ga Sha'aban, 1365

Zuwa ga ƙanena Isa. Gaisuwa mai tarin yawa. Ina hwata ƙahwa ta ƙara sauƙi, kuma an daina maganar sake tsaga ta. Na baro Inna lahiya, sai ciwon gwiwa da kas sani.

Takardarka ta iske ni. Kac ce Sale da bakinai yah hwaɗa maka ya ƙetare gulbi sau biyu da buhunan albasa ko guda bai jiƙe ba, kuma ba wanda yab ba shi gora. Gaskiya yah hwaɗa. Kac ce kuma tambayar da niy yi maka ba ta yi maka daɗi ba, ka san ni ba ni tambaya don zance. Wannan ma gaskiyarka.

Na buɗe gorar, Isa. Ka hana, na buɗe. A watan Rajab na iske gara ta ci gindin akwatinka har ta taɓa wandon kakinka guda. Nic ce in ta shiga gorar nan ba ni da bakin yi maka bayani. Nis sa wuƙa nic cire kakin, niz zaro ƙyallen, nish shimhiɗa shi bisa tabarma. Gara ba ta taɓa shi ba.

Kai ka gan shi, amma kai soja ne, bari marini shi hwaɗa maka abin da kad ɗauko. Girmanai bai hi buzun salla biyu ba. Auduga ce saƙar hannu, zaren ya hi na masaƙanmu siranta, an shahe ta da wani abu kamar koko an goge har ta yi santsi. A tsakiya mutum ne shuɗi mai duhu, hannunai guda a sama, idanunai manya suna kallon ƙasa. Kewaye da shi shanu hwarare ashirin da huɗu, na ƙirga, duk sun ɗaga kai suna dubanai, kowace da shaidar tahin hannu ja a jikinta kamar mace ta dahwa ta da ɗanyen lalle. Daga ƙasa ruwa ne da bado irin na hwadamarmu, sai dai hurenai ja-ja. Akwai ɗawisu biyu, da mata ɗauke da tuluna, da wata na azurhwa can sama. Bakin ƙyallen kuwa zinariya ce ta gaske, an liƙa ta siririya.

Shekara ashirin da biyu hannuna shina cikin baba. Shuɗin jikin mutumin nan baba ne, na shinshina, na sani. Amma ƙaƙa anka yi yat tsaya wuri guda, bai malala cikin hwarin saniyar da ke jingine da shi ba ko da kaurin gashi? Mu tsomawa muke yi, shi ɗorawa yay yi, launi bisa launi, da wani abu mai kama da ƙaro. Kuma kowace saniya da halinta. Akwai wata daga hagu da ta ɗan karkata kunne guda baya, tana sauraren maraƙinta alhali idonta na gaba. Wallahi wanda yaz zana wannan ya zauna da shanu, ba labarinsu yaj ji ba.

Yanzu ga abin da yah hana ni ba Sale. Na rataye shi cikin ɗakina don shi sha iska. Sai anka yi ruwan nan mai ƙarhi na tsakiyar Rajab ina marina, soron ɗakin yay yi yoyo daidai wurin. Ruwa ya taɓa shi, ya ɓaci ƙwarai. Na rasa ta inda zan hwara gaya maka, shi ya sa nil laɓe bayan gulbi.

Shi yak kawo ni Rabah, wurin Baba Mainasara, wanda yak koya ma babanmu rini kuma yak koya mani. Ya tsuhwa, ba shi shiga marina yanzu, amma in akwai mai dabarar gyara abin da yal lalace a zane daga nan har Sakkwato, shi ne. Muna kan gwadawa. Kada ka tada hankalinka tukun, kana jinya.

Allah shi ba ka sauƙi. Ka yi mani addu'a.

Wanka,
Maccido

Rabah, 27 ga Sha'aban, 1365

Zuwa ga Isa. Ina gaishe ka, ina tambayar jikinka, kuma ina roƙon ka karanta wagga takarda kana zaune.

Wadda nir rubuta maka kwana ukku da sunka wuce, rabinta ƙarya ce. Soro bai yi yoyo ba. Ni da hannuna niy yaɓe shi kahin damina, ko ɗigo bai zuba ba. Maganar gara gaskiya ce, abin da nig gani a ƙyallen gaskiya ne, sauran ƙage ne. Mai kai takarda shina barin gari nij ji kamar in bi shi in ƙwace, ban bi ba.

Da nig ga gara ba ta taɓa shi ba, abin da yak kamata in naɗe in mai da cikin gora. Ban mai da ba. Kwana goma sha ɗaya niy yi ina buɗe shi. Kullum da hantsi sai in ce ma abokan aiki na yi mantuwa a gida, in dawo, in tura ƙyaure, in shimhiɗa shi in zauna. Ina ce ma kaina aiki nike koyo. Har na sa akaihwa na ɗan kankare gehen shuɗin don in ga kaurinai, ka ji rashin kunya. Ran kwana na biyar Hauwa'u ta iske ni. Ba ta yi ihu ba, ba ta ce gunki ba. Tac ce, Maccido, naɗe kayan mutane ka mai da inda kag gan su. Nic ce mata mi tas sani game da launi, ta je ta duba tukunyarta.

Ran kwana na tara muna sallar la'asar a masallacin unguwa, raka'a ta biyu, ina tsaye bayan liman, sai idanun nan sunka zo mani. Manya, suna kallon ƙasa, daidai yadda suke a ƙyallen. Niy yi a'uziyya a zuci, sunka tahi, sunka dawo. Da anka sallame ban san raka'a nawa munka yi ba, mutane kawai nib bi. Washegari a sujada shanun nig gani, har da mai karkataccen kunne. Isa, ni da anka haihwa a Wurno, garin da mutane ke tasowa daga nesa don ziyara, ni da nis sauke Alƙur'ani ina da shekara goma sha huɗu, goshina a ƙasa gaban Ubangijina, abin bautar wasu shina yawo cikin kaina. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Ban tambayi malami ba, don kunyar shi ce da ni mi yak kai ni kallo. Ban gaya ma Hauwa'u ba, don ta riga ta hwaɗa mani abin yi na raina ta.

Ka san abin da muke yi a marina in anka kawo riga mai tabon da sabulu yak kasa. Ba mu yar da ita, tsoma ta muke yi ta koma baƙa, mai ita shi sa abinai shi tahi kasuwa. Da wannan nil lallashi kaina. Nic ce ba ƙonawa zan yi ba, ba yagawa zan yi ba. Ƙyalle shina nan ƙyalle, ko zare guda ba ya raguwa, amana za ta koma ga mai ita cikakkiya, surar kawai za a ruhe. Har na ce ma kaina wataƙila lada zan samu.

Ranar Juma'a da hantsi, marina ba kowa, duk sun tahi aski da wanki. Nis sa shi cikin riga nit tahi karohina na tsakiya, wanda babanai yah hi ƙarhi. Nir riƙe shi daga sama, nis saki gindin cikin ruwa. Ban san launin zai saki ba, na ɗauka ya kama zare kamar namu. Ruwa na taɓa shi sai hwarin yat taso kamar an zuba nono, jan yab biyo baya, zinariyar tas saki tana yawo bisa kumhwa.

Ga wurin da nike son ka sani, don shi ne ba ni iya haɗiyewa. A lokacin nan na ɗago shi. Badon ya tahi, shanun ƙasa sun tahi, amma daga gwiwar mutumin zuwa sama komi shina nan a bushe, huska, da hannu, da wata, da shanu sun kai goma. Da na tsaya nan, da tsohuwar ta samu rabin aikin mijinta. Na tsaya riƙe da shi, na duba, na san abin da nike gani, na san babu mai sake yin irinai. Sai nis sake shi, nid ɗauki muciya nid danna shi ƙasa. Sau bakwai nit tsoma shi ina shanyawa, yadda muke yi ma turkuɗi. Sannan niw wanke hannu nit tahi masallacin Juma'a. Karohin da nic ce maka ya mutu, abin da yak kashe shi ke nan.

Ka lura ban sa gaisuwar Hauwa'u cikin takardata ta hwarko ba. Ita tah hana. Tac ce tana gaishe ka har zuciyarta, amma kada in sa sunanta a gaisuwa cikin takardar ƙarya. Tun ranar nan tana ba ni tuwo, tana amsa sallamata, shi ke nan.

Baba Mainasara kuwa, da niz zaro ƙyallen tun ran hwarko yad dube shi yad dube ni, yac ce wane irin yoyon soro ne ke zubo da baba. Duk da haka ya bar ni na gwada, da toka, da sabulun salo, da ruwan tsamiya, da rana. Jiya yac ce in bari haka nan kada in kashe zaren. Yac ce baba ba ya hita, kuma ko da ya hita babu komi ƙarƙashi, zanen shina cikin katsin da nik kwashe niz zubar bayan marina. Nig gaya mishi dalilina duka, ina sa ran shi ce tsoron Allah ne. Yac ce, wa ya aike ka buɗewa kwana goma sha ɗaya? Yac ce amanar wanda ba ya salla ita ma amana ce, kuma igiya guda ta isa ta ɗaure gora a rataye a rumbu. Sannan yat tambaye ni, to tun da kat tsoma, sallar ta gyaru? Kai zan gaya maka, ba ta gyaru ba. Da can idanu nike gani, yanzu zinariyar nan nike gani bisa kumhwa, a kowace salla.

Ban ce ka yahe mani ba, ban kai nan ba tukun. Na dai gaji da yi maka ƙarya kana kwance. Gobe zan koma Wurno. Ka gaya mani abin da kake so in yi.

Allah shi ba ka lahiya.

Wanka mai laihi,
Maccido

Goronyo, 21 ga Ramadan, 1365

Zuwa ga ƙanena Isa. Barka da shan ruwa, ko da shike na san likita ya hana ka azumi. Ƙaƙa ƙarhin jiki? An ce ka aje sanda, na gode ma Allah. Inna lahiya, tana azuminta ba ta sha ko guda ba.

Amsarka ta zo ran goma sha bakwai. Ka hwara ta da Maccido, ba Yaya, kuma ban ga laihinka ba. Na karanta ta a zaure ni kaɗai, sannan nik kai ma Hauwa'u nik karanta mata ba tare da na tsallake komi ba.

Ban san ko wane ne Girdari ba sai yanzu. Na ɗauka abokin hira ne na bariki. Ban san shi ne mai ɗaukar masu rauni da yas saɓe ka a baya daga bakin kogin nan ran da harsashi yas same ka ba, yini biyu cikin daji, shi da bai kai ka jiki ba. Ban san in lokacin salla yay yi shi ke tambayarka ina alƙibla, shi juya ka da hannunai tun da ba ka iya motsa ƙahwa, shi koma gehe shi jira ka sallame. Kac ce wata huɗu kunka yi tare daga baya, kullum da sahe shina ɗaukar gorar shi tahi bayan tanti shi buɗe abinai, bai taɓa ce maka zo ka gani ba, sai ran da zazzaɓi yak kayar da shi yas san ba shi tashi. Shi ya kiyaye maka sallarka. Ni kuma ka ga abin da niy yi ma tashi bautar.

Sai maganar tsohuwar. Ban san ka riga ka sa an rubuta mata tun kuna saukowa jirgi cewa ƙyallen shina hannunka lahiya ba. Ban san ta amsa ta hannun malamin makarantar garinsu ba. Kac ce mijinta ya rasu kahin yaƙi, wanga ne aikinai na ƙarshe, ɗansu guda ne. Tac ce ba ta tambayar gawa, ta san ba a kawowa. Tac ce tun ran da takardarka ta iske ta tac cire abin da ke rataye a bangon, ta bar shi ba komi tana jira, don ƙyallen ya sha hannun mijinta kuma ya sha hannun ɗanta. Da nik kai nan Hauwa'u ta tashi ta shiga ɗaki, nib bi ta nik karanta mata sauran.

Yanzu hukuncinka. Kac ce kada in aiko komi. Za ka sa a rubuta mata cewa gorar ta ɓace a hannunka cikin jirgin ruwa, don kai kak karɓi amanar, kai za ka ɗauki kunyar, kuma ba ka son a san sunan gidanmu da wanga abu har wata ƙasa. Kac ce in an sallame ka, Rimawa za ka sauka wurin kawu, ba Wurno ba.

Maganar Rimawa ba ni da ta cewa. Ka sauka inda zuciyarka ta natsu, zan kawo maka Inna can bisa jaki in koma daga bakin gari in ba ka son ganina. Gonarka zan ci gaba da nome ta har ka ce in bari.

Amma ɗayar maganar ban yarda ba, Isa. Tun kana yaro ban taɓa sa ka abu dole ba, yau ina roƙonka da girman nonon da munka sha. Kada ka yi ƙarya saboda ni. Na yi guda biyu a kan wanga ƙyalle, na san nauyinsu, ba ni bari ka ɗauki ta ukku da ƙahwa guda. Mutumin nan ya ɗauke ka yini biyu, kada uwatai ta mutu tana tsammanin ya ba da abin ubanai ga wanda bai iya riƙe gora ba.

Jiya nit taso daga Wurno da ƙahwa bayan asuba, na iso Goronyo rana ta yi zahi, na iske Sale shina ɗaurin kaya, jibi za shi Ƙaura. Na ba shi gorar hannu da hannu, na toshe bakinta da kaki yadda kat toshe. Ƙyallen shina ciki, baƙi wuluk. Ban kai shi mabuga ba, ban sa mishi shuni ba, ban so shi yi ƙyalli kamar abin ado. Kahin in naɗe na ɗaga shi ga rana sau guda. Inda hwarin yay yi kauri baba bai kama daidai ba, in mutum ya san abin da shike nema zai ga inuwar shanu bakwai daga sama. Huskar kam babu ko alama. Na san ba abin da take jira ke nan ba. Amma zaren shi ne zaren da mijinta yag goge, shi ne ɗanta yar riƙe, kuma nata ne, ba ni da ikon hana ta shi, kai ma ba ka da shi. In ta ga dama ta rataye, in ta ga dama ta ƙone.

Ga abin da nike so mai kantin shi rubuta mata da harshensu, kada shi gyara, kada shi sassauta. A ce mata ɗanki bai yar da shi ba, ya riƙe shi har ranar da yac cika. Isa bai yar da shi ba, ya ƙetare teku da shi ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Wan Isa ne, wanda anka ba ajiya, mai sana'ar launi kamar mijinki. Ya buɗe abin da anka hana shi buɗewa, ya ga aikin, ya san darajatai hiye da kowa a garinsu, ya ji tsoron zuciyatai, yat tsoma shi cikin baba da gangan da rana tsaka. Ya samu damar tsayawa a rabi bai tsaya ba. Ba ya roƙon ki yahe mishi, don bai san da wane baki zai roƙa ba.

Kuma a sa sunana a ƙasa, a rubuta shi da baƙaƙensu yadda za ta iya hwaɗinai. In ta zauna gaban bangon nan tana neman wanda za ta kai ƙara wurin abin da take bauta ma, kada ta kira ɗanta, kada ta kira ka.

Allah shi ƙara maka lahiya, shi kai gorar inda anka nuhwa da ita.

Ni ne,
Maccido ɗan Shittu, marini, unguwar marina, Wurno, ƙasar Sakkwato